Yadda Ake Koya wa Yara Adon Harshe Ba Tare da Hadda Ba

Wata safiya cikin watan Janairu, lokacin da hazo ya rufe duwatsun Shere har ba a hango su daga cikin garin Jos, na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare na tarar yara duk sun duƙunƙune cikin rigunan sanyi. Na tambaye su mece ce mutuntarwa. Darasin makon da ya gabata ne, ni da hannuna na rubuta musu ma'anar a allo suka kwafe. Aji ya yi tsit. Ina tsaye ina jira, sai na ji wata yarinya daga kujerar baya tana ce wa ƙawarta ƙasa-ƙasa, "Wallahi sanyin nan ba shi da imani, har cikin ƙashi yake bin mutum." Na ce ta miƙe ta maimaita. Ta miƙe a tsorace, a zatonta laifin surutu ne. Da ta maimaita sai na ce wa ajin, to ga amsar tambayata nan. Sanyi ba mutum ba ne balle a nemi imani a wurinsa, ba shi da ƙafa balle ya bi wani. Ta ba shi halin ɗan Adam, ita ce kuwa mutuntarwar da nake tambaya.

Tun daga ranar na sauya yadda nake koyar da wannan darasi. Yaranmu sun iya adon harshe, wato dabarun ƙawata magana irin wannan, tun kafin su san ƙofar makaranta. A bakin murhu suka tsince shi, da wurin tatsuniya, da faɗan uwa, da cinikin kasuwa. Sunayensa ne kawai ba su sani ba, sai kuma idon gane shi in ya zo a rubuce. Mu kuwa sai mu fara da sunan, mu ba su ma'ana su haddace, abin da yake nasu ya koma musu baƙo. Ga tsarin da nake bi yanzu. Uwa ko uba ko yaya za su iya binsa a gida, ba lallai sai malami ba.

Mataki na farko: a tura su farauta da kunne

A saya wa yaro ƙaramin littafin rubutu mai falle 40, a ce masa wannan ba na aikin gida ba ne, na farauta ne. Har tsawon mako guda, duk maganar da ya ji wadda in aka ɗauke ta yadda aka faɗe ta ba za ta yiwu ba, ya rubuta, ya kuma sa inda ya ji ta: gida, Islamiyya, cikin Keke Napep, rediyo. A wannan makon kada a ambata masa sunan komai. Kamance, siffantawa, duk su jira.

In ana son littafin ya cika da wuri, a tafi da shi cefane. Ranar wata Asabar na ɗauki ɗiyata muka je kasuwar Farin Gada, na ce ta saki kunne. Muka tsaya gaban wani mai tumatir, kwandunansa jere, ga kabeji da karas a gefe.

"Hajiya zo ki gani, ja wur kamar garwashi, yau da asuba aka tsinko shi."

Da ya faɗi kuɗin kwando na ce, "Haba Malam, ai wannan kuɗin sayen saniya ne."

Ya yi dariya ya ce, "Wallahi Hajiya kasuwa ce ta mutu yau, da ba za ki same shi haka ba."

Kafin mu kai wurin masu dankalin Turawa ta rubuta abu huɗu daga wannan ɗan cinikin kaɗai: "ja wur", "kamar garwashi", "kuɗin sayen saniya", "kasuwa ta mutu". Ba ta san ta kamo amsa-kama da kamance da kambamawa da mutuntarwa ba, ni ma ban gaya mata ba a ranar.

Malamin da ke koyarwa a Jos yana da wata garaɓasa da ya kamata ya ci moriyarta. A aji ɗaya za ka samu ɗan Birom da ɗan Afizere da ɗan Anaguta da ɗan Angas da Bayarabe da Ibo, duk suna jin Hausa, amma da wani harshen ake musu faɗa a gida. A ce su ma su kawo abin da kakanninsu ke faɗa, su fassara wa aji. Yara kan yi mamaki in suka ga kowane harshe yana da yadda yake cewa mutum marowaci ne ba tare da ya ambaci rowa ba.

Mataki na biyu: tambayoyi biyu

Nan ne ginshiƙin abin, don haka kada a yi gaggawar wucewa. A raba shafi gida biyu da layi. A saman ɓangaren hagu a rubuta "Abin da baki ya faɗa", a na dama "Abin da ake nufi". Sai a ɗauko abin da yaro ya farauto ɗaya bayan ɗaya. "Yana da dogon hannu" a hagu, "yana sata" a dama. "Kunnen ƙashi gare shi" a hagu, "ba ya jin magana" a dama. "Ta yi ruwan ido", wato ta kasa zaɓa. "An shafa masa kashin kaji", wato an ɗora masa laifin da bai yi ba. "Ya ranta a na kare", wato ya gudu.

Ga 'yan firamare, a ba su fensir su zana ɓangaren hagu. Yaro ya zana mutum mai hannu har ƙasa, ko mai kunne na ƙashi. Za su yi ta dariya, a cikin dariyar nan kuma ake gane cewa magana tana da bene biyu, sama da ƙasa. Yaron da ya taɓa zana "ya sha kashi" da hannunsa ba zai sake ɗaukarta a zahirinta ba.

Akwai wani wasa da nake so ƙwarai, na "ci" da "sha". A raba yara gida biyu. Ɓangare ɗaya su kawo abin da Bahaushe ke ci wanda ba abinci ba: cin kasuwa, cin amana, cin bashi, cin jarrabawa, cin mutunci, cin fuska, cin sarauta. Ɗaya ɓangaren su kawo abin da ake sha wanda ba ruwa ba: shan wahala, shan iska, shan alwashi, shan mamaki, shan dariya. Wanda nasu ya fara ƙarewa an cinye su. Irin waɗannan maganganu sun zauna daram a harshe, ba a sauya musu kalma. Ba a cewa "shan amana" ko "cin iska". Wannan wasan yana da amfani musamman ga yaran da suke makarantun da Turanci kawai ake yi, waɗanda Hausarsu ta tsaya a gaisuwa da aike.

Sai yaro ya iya cika ɓangarorin nan biyu shi kaɗai sannan a fara ba shi sunaye.

Mataki na uku: kamance

Da shi ake farawa don yana zuwa da tutarsa a hannu. Duk inda aka jera abu biyu aka ce wannan ya yi kama da wancan, aka kuma sa kalma irin su kamar, tamkar, sai ka ce, ko awa, kamance ne. Wasu littattafan suna kiransa kamantawa, wasu tamka. A sa yaro ya koma littafinsa na farauta ya ja layi ƙarƙashin kowane "kamar".

Masana adabin Hausa, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano, sun raba shi gida uku, rabon kuma yana da sauƙin kamawa. Akwai na daidaito, inda abubuwan biyu suka zo kunnen doki: "Ruwan randar nan sanyi kamar ƙanƙara." Akwai na fifiko, inda na farko ya ɗara: "Muryarta ta fi zuma zaƙi." Akwai na kasawa, inda bai kai ba: "Hasken fitilar nan bai kai na ƙyallen ashana ba." A ba yaro jimla ɗaya ya juya ta ta hanyoyin uku, sai abin ya zauna masa.

Sai dai akwai tarko a nan. Ba kowane "kamar" ne ado ba. "Ya sayi takalmi kamar na yayansa" bayani ne kawai, takalmi aka kwatanta da takalmi. Ado yana samuwa ne in abubuwan biyu ba jinsi ɗaya ba ne, amma suka haɗu a hali guda: tumatir da garwashi sun haɗu a ja. Don haka kullum a yi wa yaro tambayoyi uku. Me aka kamanta? Da me? A wane hali suka haɗu? Ta ukun ce aka fi mantawa, ita ce kuma ke nuna ko yaro ya fahimta.

Daga nan a hana su tsofaffin kamance na ɗan lokaci. "Fari kamar madara" da "baƙi kamar gawayi" kowa ya san su. A ce su duba garinsu su ƙirƙiro nasu. Wani yaro ya taɓa rubuta mini cewa kayan da mahaifiyarsa ta ɗora a kai sun hau kan juna kamar duwatsun Riyom. Wata ta ce idon kakarta ya yi zurfi ya yi shiru kamar tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Wannan na biyun har yau ina tuna shi, don duk wanda ya taɓa bi ta wajen Bukuru ya ga tafkunan nan da haƙar kuza ta bari ya san shirun da take nufi.

Mataki na huɗu: siffantawa

A ɗauki kamancen da yaro ya rubuta, a ce ya goge "kamar". "Baba kamar bango yake a gidanmu" ya koma "Baba bango ne a gidanmu." Shi ke nan an shiga siffantawa. Yanzu ba a ce ya yi kama da abin ba, an ce shi ne abin kacokan. A tambayi yaro wacce ta fi nauyi a kunnensa. Kusan kullum za su ce ta biyun.

Karin maganarmu cike take da ita. Zamani riga ne. Magana zarar bunu ce. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A ɗauki ɗaya a warware ta a hankali. Yaran birni da yawa ba su taɓa ganin ɗakin da aka yi wa jinka da bunu ba, don haka sai an fara bayyana musu cewa bunu tsohuwar ciyawar rufin ɗaki ce, in ka zaro tsinke ɗaya ba ya komawa inda ya fito. Sai a tambaye su, to ina ruwan wannan da magana? A bar su su gano da kansu. In aka tsallake bayanin bunu, yaro zai haddace karin maganar amma hoton da ke cikinta bai gani ba.

Hanya mafi daɗi ta koyar da siffantawa ita ce kacici-kacici, domin kowane ɗayansa siffantawa ce da aka ɓoye rabinta. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya": tsintsiya. "Baba na ɗaka, gemu na waje": wuta da hayaƙi. "Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba": yunwa. Bayan sun ba da amsa, a tambaye su me ya haɗa hayaƙi da gemu. Za su ce fari-fari ne, yana tsawo, yana lanƙwasa. Sai a juya wasan, a ba su amsa su ƙirƙiro tambayar. Wayar hannu, janareto, Keke Napep, rigar sanyi. Wanda ya iya ƙirƙiro kacici-kacici ya iya siffantawa, ko bai san sunanta ba.

Kirari ma gidanta ne. Damo sarkin haƙuri. Farin wata sha kallo. Kano ta Dabo tumbin giwa. A tambayi yara me ya sa aka kira Kano tumbin giwa, su yi tunanin abin da cikin giwa ke iya ɗauka.

'Yan babbar sakandare su ne za a nuna wa bambancin gajeruwar siffantawa da doguwa. Gajeruwa jimla ɗaya ce a wuce. Doguwa kuwa ana riƙe hoton ne a yi ta jan sa: in an ce ilimi gona ce, sai malami ya zama manomi, littafi ya zama iri, jarrabawa ta zama kaka. Sharaɗinta kada a sauya hoto a tsakiyar tafiya. Wanda ya fara da gona kada ya ƙare da jirgin ruwa.

Mataki na biyar: jinsarwa da 'ya'yanta uku

A nan yara suka fi rikicewa, ni ma nan na fi daɗewa a aji. Jinsarwa ita ce a ɗauki halin wani jinsi a ba wani jinsin. Jinsunan uku ne: mutum, dabba, da abu marar rai. Ina zana da'ira uku a allo, in sa hoton mutum a ɗaya, akuya a ɗaya, dutse a ɗaya. Tambayar kullum ita ce, daga wace da'ira aka aro halin?

In daga mutum aka aro aka ba dabba ko abu, mutuntarwa ce. "Ƙasa ta yi murmushi bayan ruwan farko." "Yunwa ta ƙwanƙwasa masa ƙofa." "Ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba." Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi gaba ɗayansu a kanta aka gina su, tunda a cikinsu dabbobi ke aure da ciniki da zuwa fada. In daga dabba aka aro, dabbantarwa ce. "Maigidan ya shigo yana gurnani." "Bashi ya cije shi ya ƙi saki." In kuwa daga abu marar rai aka aro aka ba mai rai, abuntarwa ce. "Tsohon ya rushe tun rasuwar ɗansa." "Yarinyar ta narke a jikin uwarta." Gini ne ke rushewa, man shanu ne ke narkewa.

Dabarar da nake ba su ita ce su dubi aikatau, wato kalmar aikin da ke cikin jimlar, su tambayi kansu wa aka sani da wannan aikin tun asali. Wa ke murmushi? Mutum. Wa ke gurnani? Zaki ko kare. Me ke narkewa? Abu. Da an amsa wannan, sunan ya fito da kansa.

Wata rana wani yaro mai kaifin basira zai ɗaga hannu ya ce, "Malama, to 'Audu zaki ne' fa, siffantawa ce ko dabbantarwa?" Kada a yi masa tsawa, tambayar tana kan hanya. Ta fuskar ginin jimla siffantawa ce, an ce wannan shi ne wancan. Ta fuskar abin da aka aro kuma dabba ce, shi ya sa wasu manazarta ke sa irinta a ƙarƙashin dabbantarwa. A gaya masa gaskiya cewa magana ɗaya tana iya ɗaukar ado biyu, a jarrabawa kuma ya bi rabon littafin da makarantarsu ke aiki da shi, ya kawo hujjarsa.

Mataki na shida: kambamawa

Wannan ba ta da wahalar ganewa, yara sun ƙware a kanta. "Na kira ka sau dubu." "Mutane a kasuwar Taminus yau ko allura ka jefa ba za ta faɗi ƙasa ba." "Ta yi kuka har hawayenta ya cika randa." Ana kiranta kambamawa ko kambamar zulaƙe.

Abin da ke buƙatar natsuwa shi ne tambayar da yaran da aka yi wa tarbiyya kan yi: "Malama, wannan ba ƙarya ba ce?" Ina jin daɗin wannan tambaya, ba na kuma wuce ta. Mai ƙarya yana so ne a gaskata abin da ya faɗa a yadda ya faɗe shi. Mai kambamawa kuwa ya san mai sauraronsa ya san ba haka abin yake ba, girman abin a zuciyarsa yake son nunawa. Uwar da ta ce ta kira ka sau dubu ba ta nufin ka ƙirga, tana nufin ta gaji. Amma yaron da ya ce an aike shi da dubu biyu alhali dubu uku aka ba shi, wannan ba ado ya yi ba.

Mataki na bakwai: maganar da ake lulluɓewa

Bahaushe mai kunya ne, harshensa ma haka. Akwai abubuwan da ba a faɗarsu tsirara, sai a saya su. Ba a cewa dattijo ya mutu, sai dai ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko rai ya yi halinsa. Mace tana da juna biyu, in ta haihu a ce ta sauka. Mutum yakan zaga ko ya kewaya. Da dare tsofaffi kan ce igiyar ƙasa, ba sa kiran maciji da sunansa. Ɓarawo ma akan ce masa ɗan hali. Wannan ita ce sakaya zance, ni kuwa a ganina ita ce ta fi cancantar a koya wa yaran yau, domin darasin harshe ne kuma darasin ladabi. A ba su jimla mai kaushi su tausasa ta, a tambaye su wacce za su iya faɗa a gaban kakansu.

Habaici da zambo ma lulluɓi ne, amma masu ƙaya. A habaici ba a kama suna, wanda ake yi dominsa ya san da shi ake. Zambo kuwa muzantawa ce, sau da yawa ta hanyar siffanta jikin mutum ko halinsa, makaɗa da maroƙa sun shahara da shi. Dole ɗalibi ya san su tunda suna cikin adabi, suna kuma fitowa a jarrabawa. Amma ina da doka a ajina wadda ba na sassautawa: ba a gwada su a kan ɗan aji, ba a taɓa ƙabilar wani ko addininsa ko wata nakasa. In za a gwada, a yi wa Gizo, ko kura, ko tsohon janareton da ya ƙi tashi. Mu da muke zaune a Jos mun san abin da magana ke iya haifarwa.

Sauran ƙanana

Amsa-kama ita ce kalmar da ke ƙara wa siffa ko aiki ƙarfi, ko ta kwaikwayi sautinsa: fari fat, baƙi ƙirin, kore shar, sabo fil, cike maƙil, ya faɗi tim. 'Yan firamare suna son ta, a fara faɗin rabin su ƙarasa. Alamtarwa kuwa ita ce abu ya tsaya a madadin wata ma'ana da jama'a suka sani. Rawani sarauta, goro gayyata ko ɗaurin aure, farar tuta sulhu. Tutar Najeriya da aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba 1960 misali ce da kowane yaro ya sani, kore arzikin noma, fari zaman lafiya. Alamtarwa a cikin waƙa tana da zurfi, a bar ta sai babbar sakandare.

In za a bi shawarata wajen rabon shekaru, 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare su tsaya a kamance da amsa-kama da kacici-kacici da wasan "ci" da "sha". 'Yan ƙaramar sakandare su ƙara siffantawa da jinsarwa da kambamawa da sakaya zance. Sauran na manya ne. Nau'i ɗaya a mako ya isa, minti 20 sau biyu ko uku.

Mataki na ƙarshe: daga baki zuwa takarda

A ba yaro labari busasshe, jimla huɗu ko biyar: "Jiya an yi ruwa. Mun dawo daga makaranta. Titi ya cika. Mun jiƙe. Inna ta ba mu kunu." A ce ya sake rubuta shi, amma ado biyu kacal aka yarda ya sa. Na sa wannan iyakar ne don na ga abin da ke faruwa in ba a sa ba. Yaron da ya koyi kamance jiya, yau kowace jimlarsa sai ta ɗauki "kamar" uku, rubutun ya zama miyar da gishiri ya yi wa yawa. Iyakar tana tilasta masa ya zaɓi wurin da adon ya fi amfani.

Ga masu shirin WAEC ko NECO ko JAMB, a saba musu da amsa mai ƙafa uku: a faɗi sunan adon, a ciro ainihin kalmomin da ke ɗauke da shi, a bayyana abin da ake nufi. A gwada da ɗan baiti irin wannan da nakan rubuta musu a allo:

Damina uwa ce ga talaka,
In ta zo ƙasa sai murmushi.

Amsa mai kyau za ta ce a layin farko akwai siffantawa, "damina uwa ce", domin damina tana ciyar da talaka yadda uwa ke ciyar da ɗanta. A layi na biyu akwai mutuntarwa, an ba ƙasa murmushi, ana nufin ta yi kore ta yi kyau. Yawancin makin da ɗalibai ke zubarwa a ƙafa ta uku suke zubar da shi. Su faɗi suna daidai, su tsaya nan.

Wajen duba aikinsu, kada jan biro ya fara sauka a kan kuskuren suna. Yaron da ya rubuta "iska tana kuka a bakin taga" ya kira ta kamance, ya yi abu mai wuyar, sunan kawai ya kuskure. A fara ce masa jimlar ta yi kyau, sannan a tambaye shi ina "kamar" ɗin take. In ya duba bai gani ba, a mayar da shi ga da'irori ukun nan, a tambaye shi wa aka sani da kuka. A bar shi ya goge sunan da hannunsa ya rubuta na daidai.